Tsohon Soja A Ƙauye: Me Ya Sa Wani Ke Karɓar Fansho, Wani Bai Taɓa Ganin Sisi Ba?

Duk shekara idan 15 ga Janairu ta zagayo, ranar tunawa da mazan jiya, sai hotuna su cika Facebook da WhatsApp. Za ka ga dattijo zaune a kan tabarma a ƙofar zaure, an jera masa lambobin yabo a ƙirjin 'yar shara, a ƙasa an rubuta cewa ya yi wa ƙasa yaƙi amma an manta da shi. Daga nan muhawara ta ɓarke a majalisun Agege da Idi-Araba da Mile 12. Wannan ya ce kakansa har ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, ya je, ya mutu bai ga ko anini ba. Wancan ya ce maƙwabcinsu a ƙauye duk ƙarshen wata wayarsa sai ta yi ƙara, fansho ya shigo. Dukansu gaskiya suke faɗa. To, me ya raba dattijan nan biyu, kuma idan mai karɓar ya rasu me ya rage wa iyalinsa?

Amsar ba ta da daɗin ji. Ba a auna fanshon soja da zafin yaƙin da mutum ya gani, ko yawan tabon harsashi a jikinsa. Abu uku ake dubawa, kuma duk a rubuce suke: ranar da ya shiga, ranar da ya fita, da hanyar da ya bi ya fita.

Mazan jiya ba kashi ɗaya ba ne

Kuskuren farko shi ne a zuba duk tsoffin sojoji cikin ƙwarya ɗaya. Akwai waɗanda suka yi yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, wanda dattawa ke kira yaƙin Hitila ko yaƙin Bama. Sarkin Ingila suka yi wa aiki, domin a lokacin babu Nijeriya mai 'yancin kai. Wanda ya shiga a 1943 yana ɗan shekara 18 an haife shi ne a 1925, ka ga waɗanda suka rage da rai ba su taka kara sun karya ba.

Sai 'yan yaƙin basasa, daga 6 ga Yulin 1967 zuwa 15 ga Janairun 1970. Su ne mafi yawan dattijan da ake gani a ƙauyuka yanzu, shekarunsu sun haura saba'in. Bayansu akwai waɗanda suka je Labanon daga 1978, da 'yan ECOMOG, dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, na Laberiya daga 1990 da Saliyo daga bisani, har zuwa waɗanda suka yi yaƙi da Boko Haram. Kowane rukuni da dokar da ta hau kansa, kuma rigimar fansho kusan kullum tana tasowa ne idan aka ɗauki dokar wani zamani aka ɗora wa mutumin wani zamani.

Sunayen barikin Legas

Bahaushen Legas ya fi kowa kusa da wannan tarihi, ko da bai sani ba. Rundunar sojan Nijeriya tana danganta asalinta ne da 1863, lokacin da wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Glover, ya tara mutum 18 'yan Arewa a nan Legas, aka riƙa kiran su Hausawan Glover. Daga irinsu aka gina rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya kafa a 1897. Hausa ce ta zama harshen bariki, shi ya sa Turawa ke kiran kowane soja Bahaushe, alhali da yawansu 'yan Zuru ne, da Tibi, da Bachama, da Barebari, da mutanen Chadi da Nijar. Kalmomin kurtu, kofur, saje, samanja da hafsa duk daga wannan cuɗanya suka shigo bakinmu.

Mai hawa danfo daga Obalende zuwa Yaba yana ratsa taswirar ƙasar Bama ne bai ankara ba. Barikin Dodan da ke Ikoyi, da Myohaung da An da ke Yaba, da Arakan da Tamandu da ke Apapa, duk sunayen wurare ne da sojojinmu suka yi gumurzu da Japanawa. Haka Letmauk a Ibadan, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna. Barikin Chindit na Zariya kuwa sunan dakarun Janar Wingate na Ingila ne, waɗanda bataliyoyin Nijeriya uku suka yi aiki a cikinsu a 1944. Hatta Runduna ta 81 mai hedikwata a Legas da ta 82 da ke Inugu sun gaji lambobinsu ne daga rundunonin Afirka ta Yamma biyu da aka kafa a 1943 aka tura su Bama.

Abin da ɗan Bama ya yi, da abin da aka ba shi

Kafin Bama, sojojin Nijeriya sun yaƙi Italiya a gabashin Afirka, suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka nausa cikin Habasha. Daga 1943 aka fara ɗibar su a jiragen ruwa zuwa Bombay ta Indiya, daga can zuwa dajin Arakan da kwarin kogin Kaladan. Dajin ba ya shiguwa da mota, don haka runduna ta 81 ta dogara ne da abu biyu: kayan da jirgin sama ke jefowa da laima, da kawunan 'yan dako. Waɗannan 'yan dako sojoji ne masu lamba, suna ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka, suna hawa tsaunuka cikin ruwan damina. Idan dattijo ya ce shi kaya ya ɗauka a Bama, kada a raina masa, ba don su ba rundunar ba ta motsawa. A Janairun 1945 aka ƙwace garin Myohaung, a 1946 mafi yawansu suka dawo gida.

Ga inda maganar kuɗi take. Galibinsu an ɗauke su ne don tsawon yaƙi kawai, sau da yawa ta hannun hakimai da dagatai da aka yanka wa adadin samarin da za su kawo. Shekara uku ko huɗu ba ta kai mutum ga fansho. Abin da aka ba su kuɗin sallama ne na sau ɗaya, da lambobin yabo irin su Tauraron Bama da Tauraron Afirka, da takardar sallama. Kuɗin ma ba daidai aka raba ba. Takardun da 'yan jarida suka tono a 2019 game da sojojin gabashin Afirka sun nuna farabiti, wato soja marar igiya, Bature yana samun sule 10 a kan kowane watan aiki, baƙar fata mai irin muƙaminsa kuwa sule uku da sisi.

Waɗanda suka ci fansho daga wannan zamani su ne sojojin dindindin da suka yi dogon aiki, irin su Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a wajen Jamusawa a Kamaru, ya dawo ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, ya je Habasha da Bama, ya yi ritaya a 1953. Sunansa ne a barikin Lakwaja. Saboda haka jikan da ke cewa Ingila na riƙe da fanshon kakansa na shekara tamanin, galibi babu wani asusu da ke jiran sa. Abin da ke akwai tallafi ne na jinƙai daga ƙungiyar Royal Commonwealth Ex-Services League ga waɗanda suka yi aiki kafin samun 'yanci da matan da suka bari, kuma ta hannun ƙungiyar tsoffin sojoji ta ƙasa yake bi.

Yaƙin basasa da lissafin shekaru

Nan ne ciwon yake. Kafin yaƙi sojan Nijeriya bai wuce mutum kusan 10,000 ba. Ranar da Philip Effiong, jagoran Biyafara na ƙarshe, ya miƙa wuya ga Janar Gowon a barikin Dodan, sun kai kusan 250,000. An kwashi manoma da 'yan dako da 'yan makaranta, an yi musu horon makonni, an tura su runduna ta ɗaya ta Muhammadu Shuwa, ko ta biyu ta Murtala Muhammed, ko ta uku ta Benjamin Adekunle wadda Obasanjo ya karɓa a 1969. A irin wannan gaggawa aka rubuta sunaye yadda kunnen akawu ya ji. Da yawa sunan garinsu aka maƙala musu a matsayin sunan uba, wane Sakkwato, wane Bauchi, shekarun haihuwa kuma aka ƙiyasta da ido.

Bayan yaƙi ƙasa ba ta iya riƙe wannan taro ba, sai aka shiga rage su, musamman a ƙarshen shekarun 1970. A wancan lokaci sai mutum ya cika shekara 15 yake samun fansho, shekara 10 kuwa garatuti, wato kuɗin sallama na sau ɗaya, kawai take bayarwa. Daga 1 ga Yunin 1992 aka sassauta: shekara 5 garatuti, shekara 10 fansho. Ɗauki mutum biyu 'yan ƙauye ɗaya da suka shiga tare a 1968. Ɗaya ya karɓi sallama a 1979, ɗaya ya daure zuwa 1984. Na farko ya tafi da garatutinsa, ya sayi shanun huɗa ko keken ɗinki, kuɗin ya ƙare tun zamanin Shagari. Na biyu har gobe yana karɓar fansho. Rami ɗaya suka kwanta a fagen daga.

Akwai wani tanadi da iyalai da yawa ba su sani ba. Dokokin fansho na 1979 sun ce a lissafa kowace cikakkiyar shekarar yaƙin basasa a matsayin biyu. Wanda ya shiga tun farkon yaƙi ko kafinsa, wannan ƙari na iya tsallakar da shi layin 15. Wanda ya shiga a 1969 kuwa ƙarinsa kaɗan ne. Kafin a yanke ƙauna ko a ɗora buri, a zauna da alƙalami a yi lissafin.

Hujjar hukuma ita ce dokar ranar da ka fita ce ke hukunta ka, sabuwa ba ta komawa baya. Su kuma dattijan, waɗanda suka sha yin zanga-zanga a Ibadan da Abuja, cewa suke an kwaɗaita musu fita ne don a rage yawan soja, kuma ba adalci ba ne wanda ya yi shekara 10 cikin kwanciyar hankali bayan 1992 ya ci fansho, wanda ya yi 11 har da yaƙi ya tashi a tutar babu. Ta fuskar doka hukuma ta fi ƙarfi. Ta fuskar adalci dattijan sun fi gaskiya, kuma gyaran ba ya hannun akawun fansho, sai majalisa ko shugaban ƙasa sun yi musu tanadi na musamman. An taɓa yin irin haka a 2000, lokacin da Obasanjo ya mayar da korar sojojin Nijeriya da suka koma ɓangaren Biyafara ta zama ritaya.

Hanyar fita ma tana yanke hukunci. Wanda kotun soja ta kora, ko wanda ya gudu bai dawo ba, ya rasa haƙƙinsa komai yawan shekarunsa. Wanda aka sallama saboda rauni yana da nasa tanadin dabam, bisa kashin naƙasar da kwamitin likitocin soja ya rubuta masa.

Wa ke biya, wa ba ya biya

Hukumar Fanshon Soja da ke Dutse-Alhaji a Abuja ita ke biya. Dokar garambawul ta 2004 ta jefa sojoji cikin tsarin adashin fansho na ma'aikata, amma gyaran 2011 ya fitar da su, dokar 2014 ta tabbatar da hakan. Don haka tsohon soja ba shi da kamfanin fansho mai riƙe masa asusu, daga baitulmali kuɗinsa ke fitowa. Sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi, kuma ba a cire masa haraji. Yawancin zaman dirshan da tsoffin sojoji ke yi a ƙofar ma'aikatar kuɗi a kan jinkirin wannan ƙari ne da bashin da ya taru.

Nigerian Legion, masu sayar da bajen tunawa da mazan jiya, ƙungiya ce da doka ta kafa tun 1964 don jin daɗin tsoffin sojoji. Ba ta biyan fansho, katinta kuma ba shaidar cancanta ba ne. Amfaninta shi ne tana da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi, su suka san ranar tantancewa da wanda za a gani. Kula da lafiyar masu fansho yana hannun kamfanin Defence Health Maintenance Limited, amma sai an yi rajista an zaɓi asibiti. Cibiyar da ke Oshodi kuwa sana'a take koya wa sojojin da ke dab da ritaya, ba ofishin bin bashi ba ce, kada a wahalar da dattijo a taso shi daga ƙauye zuwa can.

Inda takardu ke lalacewa

Sau da yawa wanda ya cancanta ma fanshonsa na tsayawa, kuma a nan ne ɗan da ke Legas yake da rawar takawa. Jigon komai lambar soja ce. Ta 'yan zamanin yaƙin basasa da yawa tana farawa da 63NA. Dattijo zai manta shekarun jikokinsa, amma ka tashe shi tsakar dare zai karanto maka lambarsa. A rubuta ta yau, a ajiye a wuri uku. Da ita ake neman fayil a ofishin adana bayanan sojan ƙasa da ke Lakwaja idan gara ko gobara ta cinye takardar sallama. Kafin a je, sai an yi rantsuwar ɓatan takarda a kotu an karɓi rahoton 'yan sanda.

Matsala ta biyu saɓanin suna. Takardar soja ta ce Mamman, katin NIN ya ce Muhammad, BVN ya ce Mohammed tare da sunan uba na ainihi. Ranar haihuwa a wuri ɗaya 1948, a wani 1 ga Janairun 1955. Da can hafsa zai dubi fuskar mutum ya wuce da shi. Yanzu da tantancewa ta koma ta intanet, kwamfuta ba ta san uzuri ba, harafi ɗaya ya isa ta ƙi. Ƙa'idar ita ce a karkato sauran takardu su bi ta soja, domin ita ce ba ta canzuwa cikin sauƙi: rantsuwar kotu, sanarwa a jarida, sannan gyara a hukumar katin ɗan ƙasa, daga ƙarshe banki. Idan aka fara da banki, za a dawo da kai baya.

Ta uku layin waya. Idan layin da ke haɗe da asusu ya ɓata ko aka rufe shi, saƙon tantancewa ba ya isowa, wa'adi ya wuce, a cire suna. Ta huɗu kuma abin kunya ce a faɗa: katin cire kuɗi da lambar sirri a hannun mai POS na kasuwar ƙauye ko wani ɗan ɗaki, dattijo bai san nawa ke shigowa ba. A je banki da shi a fitar da bayanin asusu na wata shida a gwada da abin da ake miƙa masa. Duk wanda ya bugo waya ya ce daga hukumar fansho yake, a turo lambar sirri ko kuɗin fitar da fayil, ɗan damfara ne.

Idan ya rasu

Fansho ba gona ba ce, ba a gadonsa har abada. A tsohon tsarin gwamnati an lamunce shekara biyar daga ranar ritaya. Idan mutum ya rasu cikin wannan wa'adi, ana biyan iyalinsa abin da ya rage na shekarun biyar. Dattijon da ya yi ritaya tun 1984 ya wuce wannan da nisa, don haka fanshonsa yana tsayawa ne ranar da ya cika. Abin da iyali za su bi shi ne bashin da yake bin gwamnati kafin rasuwarsa. Ci gaba da cire kuɗi da katinsa bayan an binne shi laifi ne, kuma yana toshe hanyar karɓar bashin na halal idan aka gano.

Sai rigimar magajin da aka rubuta a takarda. Saurayin da ya shiga soja a 1968 ƙaninsa ko kawunsa ya rubuta, bai yi aure ba tukuna. Shekara hamsin bayan haka yana da mata biyu da 'ya'ya goma sha, takarda na nan da sunan wanda ya riga shi mutuwa. A sabunta tun yana raye. Kuma wanda aka rubuta wakili ne na karɓa, ba mai dukiya ba. Abin da ya fito gado ne, a raba shi yadda shari'a ta tsara. Banki zai nemi takardar shaidar rasuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu kafin ya buɗe asusun.

Abin da ya bari a gari

Ba kuɗi kaɗai tsohon soja ya kawo ƙauye ba. 'Yan Bama sun dawo da tuƙin mota da gyaran inji da ɗinki da ɗaurin rauni, wasu da karatun boko, domin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939 har fagen daga ake kai ta. Da yawa sun zama 'yan doka da dogarai da gandirobobi da masinjojin En'e. 'Yan yaƙin basasa sun dawo da matan aure daga Kudu, shi ya sa a ƙauyen Zuru ko Biu za ka tarar da tsohuwa mai jin Ibo. Wasu ba su koma ba sam, suka zauna gadin gidaje da shaguna a Ikoyi da Apapa, jikokinsu ne cikin matasan Obalende na yau. Akwai kuma wanda ya dawo da abin da ba a faɗa: firgita cikin barci, tsanar ƙarar tsawa, saurin fushi. Ƙauye ya ce iska ce ko taurin kan soja, alhali ciwon da yaƙi ke bar wa ƙwaƙwalwa ne, kuma likitocin ƙwaƙwalwa na duba shi ko an tsufa.

Mai zuwa gida da Sallah ya kunna wa dattijo na'urar ɗaukar murya ta waya. Kada a ce masa ya ba da labarin yaƙi, zai yi shiru ko ya maimaita wanda kowa ya haddace. A tambaye shi ƙananan abubuwa: wa ya rubuta sunansa, a ina aka yi masa horo, wace bataliya, wa ke samanjansu, me suka ci, nawa ne albashin farko, ta wace hanya ya dawo gida, su wa suka tafi tare daga garin ba su dawo ba. A ɗauki hoton kowane shafi na takardar sallama gaba da baya. Ita kanta takardar kada a manne ta da roba mai zafi, domin zafin na cinye tawadar dā, kuma ofisoshi kan yi shakkar takardar da ba za a iya taɓa hatiminta ba. A sa ta cikin ambulan mai kauri a akwatin ƙarfe, nesa da bangon ƙasa inda gara ke bi. Lambobin yabon kuma kada a goge su da toka ko yashi, busasshen ƙyalle ya wadatar, kada kuma a sayar wa dillalan kayan tarihi da ke yawo ƙauyuka suna taya su da kuɗin cefanen kwana biyu.